Mma Barkisu Mai Koko da Sunan da Ya Gagari Bakinta

Duk wanda ya taɓa karya kumallo a Aboabo ya san muryar Mma Barkisu mai koko, ko da bai san fuskarta ba. Allah ya ba wasu dukiya, ya ba wasu ilimi, ita kuwa maƙogwaro ya ba ta, kuma bai yi mata ƙwauro ba. Daga inda take zama bayan tukunyarta, a gindin wani tsohon kiyos shuɗi, ɗan shagon katako, idan ta buɗe baki ta ce, "Amidu! Ƙosanka na hucewa!" to duk wani Amidu da ke tsakanin nan da Asawase sai ya waiwaya. Shekara ashirin da biyar tana wannan sana'a a wuri ɗaya, kuma babu mai zuwa da kofinsa sau biyu ba ta riƙe sunansa ba. Direbobin motocin haya na torotoro, masu dako, malaman makaranta, Dagombawa, Zabarmawa, har Asantawan da yajin kokon Zango ya kama, kowa da sunansa take kiransa. Wanda ya yi mata gardamar sukari kuwa har da na ubansa.

Suna ɗaya ne tak a duniya ya gagari wannan baki, kuma ba wani suna mai wuya ba ne. Nasiba, sunan 'yarta ta fari.

Yaran yanzu za su yi dariya, su yi ta yi, ai ba su san abin ba. Gidan su Barkisu tsohon gida ne. Kakansu fataucin goro ya kawo shi Kumasi daga Kano, kuma mahaifiyarta, Inna Mamunatu, ta riƙe al'adun can kam, kamar jiya aka sauke kaya. A wurin Inna, ɗan fari ba naki ba ne. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a idon mutane, idan yana kuka ba ki nuna kin ji ba. Wannan ita ce kunya, macen da ba ta da ita kuwa Inna ba ta lissafa ta cikin mata. Barkisu ta haifi Nasiba a ɗakin Inna, ta shayar da ita fuska a gefe, ranar yaye Inna ta saɓa yarinya a baya ta ce daga yau tata ce. Bayan nan Barkisu ta jera maza huɗu, ta kira sunayensu har unguwa ta gaji, ta yi musu rawa, ta yi musu duka. Babbar kuwa sunanta "Ta-Inna", ko "waccan", ko "mutanen can". Ko baƙuwa mai irin sunan ta zo sayen koko, sai dai ta ji an ce, "Ke, mai jan mayafi."

Haka yarinya ta girma a hannun Inna, ta yi karatu ta zama malamar firamare. Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Nasiba ta auri wani mai gyaran waya, Rashid, suka kama haya a Asokore Mampong. Tana da shekara talatin da ɗaya, kuma ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba.

Wata Laraba da safe, ana tsakiyar ciniki, sai ga Basiratu, ƙanwar Barkisu mai taya ta suyar ƙosai, ta zo da gudu waya a hannu. Nasiba ta sauka lafiya, an sami namiji. To jika ba ruwansa da kunya, tsakaninsa da kaka sai wasa. Barkisu ta rangaɗa guɗar da ta sa wani direba ya taka birki a titi, ta ce yau koko sadaka ne, kowa ya kawo kofi. Sai da tukunya ta kusa ganin gindi sannan ta tuna Inna ba ta nan.

"Wa zai yi wa mutanen can wankan jego?" ta tambayi Basiratu.

Basiratu bakinta ba shi da murfi, haka Allah ya yi ta. "Ai ta ce a ɗauko gwaggon mijinta daga Sofoline. Ta ce kar a wahal da ke, Yaya, ta san tun asali ba ki damu da ita ba."

Ludayin ya kuɓuce ya nutse cikin koko. Maganar ta yi wa Barkisu zafi, zafin da ba ta taɓa ji ba ko ranar da man suya ya zubo mata a ƙafa. Ita duk zatonta yarinyar ta sani. Ashe abin da ta ɗauka ado ne na uwa, yarinya ta karanta shi ƙiyayya, ta kuma yi shekaru tana haɗiye shi ita kaɗai. Nan take ta yanke shawara. Jego kwana arba'in ne, ita za ta je, kuma kafin su cika sai ta cire wannan magana daga zuciyar 'yarta. Yadda za ta yi hakan da mutumin da ba ta iya yi wa magana, wannan kuma Allah ne masani.

Washegari ta damƙa wa Basiratu tukunyar koko, karo na farko a shekara ashirin da biyar. Ta kira Iddrisu mai aboboya, keken nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, aka loda itace, da ƙatuwar tukunyar ƙarfe irin ta abincin biki, da ganyen darbejiya, da gero, da kanwa, da man kaɗe, da sabulun salo, da turmi. Iddrisu ya ce ta shiga tasi ta biyo bayansa. Ta ce amarya ba ta rabuwa da kayanta. Ta haye can ƙololuwa, ta zauna a kan turmi, ta buɗe lema.

"Mma, ina zuwa haka?" mutane ke tambaya daga bakin hanya.

"Gidan miji!" take amsa musu. "Na yi sabon ango, kwanansa ɗaya a duniya, ko haƙori ba shi da shi! Ku gaya wa tsofaffin Aboabo sun yi sake!"

Haka aka ratsa gari da ita tana ɗaga lema, tana kiran sunan duk wanda ta hango, har Asokore Mampong.

Gidan hayar na wata Ba'asantiya ne, Maame Serwaa, tsakar gida duk an shafe shi da tayil. Tana ganin ana sauke itace ta dafe ƙirji. "Ei, Hajiya! Wuta za ka hura a kan tayil nawa?" Barkisu ta miƙa mata ƙullin ƙosai mai zafi. Kafin Maame Serwaa ta cinye na uku, ita da kanta ta nuna wani fili a bayan gida, ta kuma kawo duwatsun murhu.

Wurin su Nasiba ciki da falo ne. Mai jego na zaune a bakin gado, ta ce, "Mma, sannu da zuwa." Barkisu ta dubi fanka ta ce, "Mm." Iyakar hirar da suka saba yi ke nan. Amma da idonta ya sauka kan jaririn, sai komai ya kwance. Ta sure shi, ta juya da shi, ta yi masa kirari, ta ce kai, an cuce ta, an aura mata miji mai sanƙo, hanci kamar an taka ƙosai. Tana cikin rawa ta saci kallon 'yarta, ta ga leɓenta ya bushe, ido ya faɗa. Magana ta taso mata, ta rasa ta inda za ta fita. Sai ta ɗago jariri saitin fuskarta.

"Maigida, wane irin riƙon gida ne wannan? Mutanen gidanka leɓe ya bushe, ko kunu ba ka ba su ba. Ka gaya musu ga kunun kanwa nan a fulas, su sha tun da zafi."

Nasiba ta kalle ta. Sannan ta jawo fulas ta sha. Ita ma fa goyon Inna ce, taurin kai bai bar ta ba. Ta dubi jaririn ta ce, "Ka ce an gode."

Daga ranar ofis ya buɗe. Duk abin da Barkisu ke son faɗa, Maigida ne zai kai. Maigida, ka gaya musu su sa safa. Maigida, ka gaya musu naman nan ba ado ba ne. Maigida, ka tambaye su ko yajin ya yi yawa. Shi kuwa yana ta barcinsa, wani lokaci ya amsa da gyatsa.

Sai kuma ga Rashid. Shi a Buokrom ya tashi, a gidan da suruka da suruki ke cin fufu a kwano ɗaya suna kallon ƙwallo. Ya shigo da murnarsa, da Hausarsa mai mayar da mace namiji, hannu a miƙe. "Mma, akwaba, sannu da zuwa! Ka yi kokari paa!" Barkisu ta ja mayafi ta juya ta fuskanci bango. A tarbiyyar Inna, suruki ba a haɗa ido da shi, ba a ci a gabansa, ba a zama inda yake zaune. Bawan Allah ya tsaya da hannu a iska, ya ɗauka wani laifi ya yi, sai da matarsa ta yi masa bayani. To yaya mutum biyu za su guji juna a ciki da falo? Aka yi doka. Idan zai shigo ya yi tari uku a ƙofa, ita ta shige ciki. Idan ita za ta fito ta buga murfin tukunya, shi ya fice. Abin ya tafi daidai na kwana biyu. A na uku tari da murfin tukunya suka tashi lokaci ɗaya, kowa ya ruga don ya ba ɗan'uwansa wuri, suka yi karo a ƙofar kicin. Ita ta yi salati, shi ya ba bango haƙuri.

Bai daɗe ba shi ma ya gano ofis. Yakan sunkuya kan jariri ya ce, "Oga, ka gaya ma kakanka na sayo kifi, yana cikin firij." Maame Serwaa ma ta shiga layi. "Yaro, ka gaya ma Hajiya hayaki ya yi yawa paa, kayan shanya nawa duk ya zama kilishi." Ranar suna liman ya raɗa masa Fadil, amma a gidan kowa Sakatare yake ce masa. Yaro bai cika kwana goma ba, ƙorafin da yake karɓa a wuni ya fi na zauren mai unguwa.

Babban aikin shi ne wankan mai jego, safe da yamma. Barkisu ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya a ƙatuwar tukunya, ta kai makewayi. Sai aka ga ba za a iya wanka babu Sakatare ba, don haka aka riƙa ajiye shi cikin kwandonsa a bakin ƙofa.

"Fadil, ka ce ungozomar asibiti ta ce kar ruwa ya yi zafin ƙuna, kanwa ma a rage," in ji Nasiba.

"Maigida, ka tambaye su, ita ungozomar 'ya'ya nawa ta haifa?"

Baki ne kawai. Ta sirka ruwan, ta gwada da gwiwar hannu sau uku, kanwar ma ta rage ta fi rabi. Rabon da hannunta ya taɓa jikin nan tun ranar yaye. Ta tsoma ganye tana fyaɗawa a hankali, tana gasa bayan, tana danna kafaɗa, zuciyarta na rawa don daɗi, fuskarta kuwa a murtuke kamar mai wankin tukunya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ƙwaurin hagu ta ga tsohon tabon ƙuna, wanda kurfotin Inna, murhunta na gawayi, ya yi wa yarinyar tana shekara shida. Kullum idan ta zo shafa man kaɗe takan daɗe a wurin, Nasiba kuwa ba ta lura ba.

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne yadda Nasiba ke yi da nata ɗan farin. A gaban kowa take sumbatarsa. "Fadil. Fadiluna. Fadil ɗan Nasiba." Sau hamsin a wuni, ba kunya ba tsoron Allah. Ranar farko Barkisu ta ce, "Maigida, ka gaya musu duniya ta lalace." A rana ta biyar ta kama kanta a bakin labule tana leƙe, tana jin wani abu mai kama da yunwa. Ashe ana iya yi, kuma sama ba ta faɗo ba.

Ta ƙara ƙaimi. Farfesun ƙafar sa, tuwo da miyar ayoyo, fura mai sanyi, gasasshiyar kaza da yajin jego. Mai jego ta yi ɓulɓul, kumatu suka fito, har Maame Serwaa ta ce ita ma za ta nemo ciki don a yi mata. Barkisu ta fara taka rawa a bakin murhu, tana ganin saƙo ya isa. Sai ranar kwana ashirin da shida, tana wucewa da bokiti ta gindin taga, ta ji Nasiba na waya da wata ƙawarta.

"Wallahi tana ƙoƙari, ba ta zama. Amma ai kin sani, don jikanta take yi. Ni dai tukunyar nono ce."

Barkisu ta ajiye bokitin a hankali. Ta yi baƙin ciki ƙwarai. Kwana ashirin da shida tana magana da kaza da man kaɗe, ashe ba a jin yaren. Saura kwana goma sha huɗu. Ta ce to, tunda hannunka mai sanda bai yi ba, za ta ba Sakatare saƙon gaba ɗaya, a inda mai shi za ta ji da kunnenta.

Ta yi kwana huɗu tana tara ƙarfin hali. Ranar kwana talatin, bayan azahar, ta dawo daga shanya a bayan gida ta tarar da jariri shi kaɗai a kan katifarsa a falo. Labulen ciki ya motsa, ta ji gado ya yi ƙara. Ta ce alhamdulillahi, mutanen can sun kwanta, ga labule ya raba, yau ce ranar. Ta zauna dab da ƙofar, ta ɗora jariri a cinya, ta gyara murya.

"Maigida, buɗe kunne, yau saƙon mai nauyi ne. Ka gaya musu sunan nan da suke amsawa, ni na zaɓe shi. Tun cikin yana wata biyar na ji shi a bakin wata mai sayar da turare, na ɓoye shi a raina, na roƙi babansu ya kai wa liman kamar shi ya tuno. Shekara talatin da ɗaya kowa na morar sunan nan, har masu karɓar kuɗin lantarki, ban da ni da na zaɓa."

Ta ji an ja numfashi a bayan labule. Ta ce madalla, ana ji.

"Ka gaya musu gindin kiyos ɗin nan da nake zama, ba don ciniki na zauna ba. Bakin tasha ya fi shi ciniki sau goma. Nan ce hanyar makarantarsu. Kullum bakwai saura kwata sukan wuce da jaka ja, kuma kullum sai sun tsaya daidai gabana suna gyara maɗaurin sandal. Yarinya har ta gama firamare ba ta iya ɗaure takalmi ba. Ni kuwa ina sa wa takalmin nan albarka, don shi ke ba ni damar kallonsu ta gefen ido. Ka gaya musu ranar da kurfoti ya ƙona su, wuni uku na yi a bayan tagar Inna ina yi kamar ina tsince gero. Duk kukan da suka yi, da ni aka yi shi. Ka gaya musu ba don kai na zo gidan nan ba, kai da ko gaisuwa ba ka iya ba."

Sai kuka ya ɓarke a bayan labule. Amma wane irin kuka ne wannan mai kauri haka? Aka kuma fyace hanci, fyacewar da ta yi ƙara kamar hon ɗin babbar mota. Labule ya buɗe, sai ga Rashid, ido jajir, waya a hannu.

Abin da ya faru shi ne, ya dawo ɗaukar wayar wani mai gyara da ya manta a gida. Nasiba ta bar masa yaro ta leƙa ɗakin Maame Serwaa a tsefe mata kai. Da ya ji tafiyar surukarsa sai ya faɗa ciki don ya ba ta wuri, yana jiran ta buga murfin tukunya. Ita kuwa ta zauna ta toshe ƙofa ta juye masa sirrin shekara talatin.

Barkisu ta yi salati da ƙarfi, ta rarumi abin da ke kusa ta rufe fuska, ashe tawul ɗin jariri ne. Daga ƙarƙashinsa ta ce, "Maigida, ka gaya wa ubanka, idan maganar nan ta fita, ni da shi har gaban Allah."

Rashid ya durƙusa gaban ɗansa yana share ido. "Oga, ka gaya ma Mma ni ba zan fada ba. Ba tsoro ba ne. Matana ba daga bakina yana so ya ji ba. Ba daga bakinka ba kuma. Kai kraa ko baba ba ka iya cewa ba tukuna." Ya tashi ya fice, har ya manta da wayar a karo na biyu.

Yaron nan mai gyaran waya ya faɗi gaskiya, kuma gaskiyar ta ba ta haushi. Kwana goman da suka rage ta yi su tana gwaji. A sujada ba ta da matsala, shekara da shekaru tana ambaton sunan a zuci tana roƙa masa albarka. Harshe ne ya ƙi. Ta gwada a gaban tukunya, ta gwada a gaban turmi. Da ta buɗe baki a gaban mai sunan, sai ta ji kamar Inna na tsaye a bayanta da carbi tana gyaran murya. Sai ta ɓuge da cewa, "Maigida, ka gaya musu ruwa ya yi."

Ranar arba'in ta zo. Aka yi wankan ƙarshe, aka yi wa mai jego kitso da lalle, ta sa sabuwar atamfa, ta fito fes kamar amarya. Iddrisu ya iso da aboboya, aka loda tukunya da turmi da ragowar gero. Maame Serwaa ta kawo doya biyu tana cewa wa zai ƙara ba ta ƙosai. Nasiba ta rako uwarta ƙofar gida da jariri a kafaɗa.

"Fadil, ka yi wa matarka godiya," ta ce. "Ta yi maka hidima. Allah ya saka mata."

Maka. Kalmar ta soki Barkisu. Ta miƙa hannu za ta karɓi yaron ta ba shi amsa, sai Rashid ya riga ta. Ya ɗauke ɗansa ya ce, "Sakatare ya tafi hutu," ya shige gida ya ja ƙofa.

Suka tsaya su biyu, ba ɗan aike. Barkisu ta dubi tukunya. Nasiba ta dubi lallen ƙafarta.

"Allah ya kiyaye hanya, Mma."

"Mm."

Ta hau ta zauna kan turmi, ba ta ko buɗe lema ba. Iddrisu ya ja. Suna isa kwanar mai gasa ayaba ta waiwaya, ta hango 'yarta ta juya baya za ta shiga gida, kafaɗa a sake, tana tafiya a hankali. Irin tafiyar nan ce ta mai jaka ja. Kwana arba'in sun ƙare, kuma yarinyar za ta shige da maganarta a zuciya yadda take. Barkisu ta ɗirka wa Iddrisu lema a baya ta ce ya tsaya. Ta miƙe tsaye a kan kaya, ta cika ƙirji da iska. Ta ce a ranta, Inna, ki yafe mini. Sannan ta saki muryar Aboabo gaba ɗayanta.

"NASIBA!"

Kaji suka watse. Mai gasa ayaba ta saki abin fifita. Wasu mata biyu a can ƙarshen layi, waɗanda su ma sunansu ke nan, suka leƙo ta taga. Ita kuwa mai sunan ta tsaya cak, ba ta juyo ba. Ta san muryar sarai, ta san sunan sarai, amma ba ta taɓa jin su tare ba.

"Nasiba! Da ke nake!"

Sai ta juyo, ta tattare atamfa, ta sheƙo da gudu, mai jego guda a tsakiyar titi, takalmi ɗaya ya fice ba ta tsaya ba. Ta iso ta kama ƙarfen aboboya tana haki.

"Na'am, Mma. Kin manta wani abu ne?"

"Ban manta komai ba. Kira na yi ki amsa." Dariya ta kama Barkisu, hawaye na zuba, ta kasa tsayar da ko ɗaya. "Ashe ma ba shi da nauyi! Nasiba. Ni na zaɓe shi, kin sani? Ni. Nasiba!"

"Na'am."

"Kuma ba don wancan mai sanƙon na zo ba."

Nasiba ta kifa goshi a kan gwiwar uwarta. Sannan ta ɗago.

"Mma, kin tuna ina wucewa ta gaban kokonki zan tafi makaranta? Kullum ina ji kina kiran kowa. Amidu, Mamudu, Huda, har kare kina da sunan da kike kiransa. Sandal ɗina bai taɓa kwancewa ba, Mma. Tsayawa nake yi ko za a zo kaina."

Barkisu ta zauna daɓas a kan turmi. Ta kamo kan 'yarta da hannu biyu, a gaban mai ayaba da duk jama'ar layi, ta rungume ta yi kuka da irin muryar da Allah ya ba ta, wato har Buokrom sai da aka ji.

Iddrisu ya bari suka lafa, sannan ya yi tari. "Mma, mu tafi ne ko mu sauke?"

"Kai ma ka tambaya? Juya!"

Sai da Fadil ya yi haƙori huɗu sannan Basiratu ta samu ta ajiye ludayi, kuma har yau ba ta daina mita ba. Dokar tari da murfin tukunya tana nan, don Barkisu ta ce al'ada ɗaya ta isa mutum ya karya a shekara. Sakatare ya rasa rabin aikinsa. Maƙwabta kuwa sun ce a watannin nan babu sunan da ya cika musu kunne kamar wannan. Miƙo gishiri, Nasiba. Hadari ya taso, Nasiba. Sau da yawa ma babu gishiri babu hadari, kira ne kawai daga bayan gida. Ita kuwa ko salla take yi, da ta sallame sai ta amsa.